Sojan da Ya Dawo Daga Daji: Me Labaran Ƙirƙira Ke Nuna Mana?

Me ya sa marubuta ke yawan nuna soja ya dawo gida amma hankalinsa na fagen daga?

Saboda sun gani da idonsu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an yi ta dawo da sojoji suna makyarkyata, wasu sun bebance, alhali ko ƙwarzane babu a jikinsu. Manyansu suka ce ragwanta ce. Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga, sai a 2006 aka yi musu afuwa. Ciwon kuwa bai shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da sunan PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ba sai 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Kafin nan, tsofaffin sojoji da suka kama alƙalami sun daɗe da zayyana shi.

Gaskiya suke nunawa ko ƙarin gishiri?

Duka biyun. Fim ya fi son sojan da ya zare yana harbi kan mai uwa da wabi, don shi ke jan 'yan kallo. Na zahiri bai cika hayaniya ba. Mutum ne da in ya zo teburin mai shayi sai ya jingina da bango yana kallon hanya. A Jos, in Disamba ta kama yara suka fara fasa nokawut a layi, sai ka ga ya zabura, gumi ya keto masa cikin wannan sanyin. Barci ya gagara, in ya zo kuma da mafarki ɗaya yake zuwa. Cokali ya faɗi, ya daka wa yaro tsawa, daga baya ya shige ɗaki. Kuma ba kowane soja ke kamuwa ba, abin da marubuta kan manta ke nan.

Tsoro ne kawai?

A'a. Labaran da suka fi ratsa jiki su ne na mutumin da ke tambayar kansa me ya sa shi ya tsira abokinsa ya mutu, ko wanda ya bi umarnin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.

Namu na Hausa fa?

Nan ne nake da ƙorafi. Kakanninmu sun je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, iyayenmu sun yi basasa daga 1967 zuwa 1970, an je Laberiya a 1990, ga Boko Haram tun 2009. Ga barikin Rukuba a gefenmu a nan Jos. Amma sojan littattafan soyayya da ake bi a WhatsApp yawanci kyaftin ne miskili, mai kuɗi da ƙirar zaki, wanda ya dawo daga daji da ƙamshin turare. Ina labarin matar da ta koyi tashin mijinta da kiran suna daga bakin ƙofa, don ta san abin da taɓa shi ke jawowa?

In an ga haka a gida, aljanu ne ko sammu?

Ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. A yi addu'a, a kuma kai shi sashen ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Kada a matsa masa sai ya ba da labarin daji a gaban jama'a.