Me ake nufi da karatun hutun bazara a makarantun Amurka?

Makarantun Amurka kan rufe a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ba a dawowa sai Agusta ko farkon Satumba, hutun kusan mako goma ke nan. Kafin a sallami yara, malami kan raba musu takarda mai jerin sunayen littattafai, a ce kowa ya karanta ɗaya ko biyu kafin a dawo. Wannan shi ne karatun hutun bazara. Cikin waɗanda ake ba shi akwai 'yan aji 6 zuwa 8, masu shekara 11 zuwa 14, wato sa'annin 'yan ƙaramar sakandare a Najeriya. Idan aka koma, yaro ya rubuta taƙaitaccen bayani ko ya tashi gaban aji ya faɗi abin da ya fahimta. Wasu makarantun ma littafi ɗaya suke zaɓar wa kowa, har shugaban makaranta.

Tushen abin shi ne tsoron mantuwa. A 1978 Barbara Heyns ta wallafa binciken da ta yi a kan 'yan aji 6 da 7 a birnin Atlanta, ta gano cewa yaran da ke karatu a lokacin hutu suna dawowa da ci gaba, waɗanda ba sa yi kuwa, musamman 'ya'yan talakawa, suna ja baya. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ƙiyasta cewa yaro kan yi asarar kusan karatun wata guda a dogon hutu. Daga baya wasu masana, irin su Paul von Hippel, sun ce an zuzuta girman asarar. Amma duk malamin da ya taɓa karɓar aji bayan dogon hutu ya san makonnin farko a maimaici suke tafiya.

To, tunda yaro zai karanta, me zai karanta? A nan ne maganar tarbiyya ta shigo. Wasu makarantu suna tsara jerin nasu a kan abubuwa uku: halin kirki, zama da mutanen da suka bambanta da kai, da zama ɗan ƙasa nagari. Wani sanannen shirin tarbiyya da ya faro a farkon shekarun 1990 ya lissafa ginshiƙai shida: amana, girmamawa, ɗaukar nauyi, adalci, tausayi da kishin al'umma. Malamai kan nemo labaran da za su sa yaro ya ga waɗannan halaye a jikin mutum, kamar sabon ɗalibi da ya tsaya da farantin abincinsa a ɗakin cin abinci bai san teburin da za a karɓe shi ba, da wanda ya matsa ya ba shi wuri alhali abokansa na dariya. A shekarun nan ne yaro ya fi jin zafin a ware shi, shi ya sa irin wannan labarin ke shigarsa fiye da wa'azi.

Batun bambanci ya fi zurfi, kuma ni shi ya fi taɓa ni. A 1985 wata cibiyar littattafan yara a Jami'ar Wisconsin ta duba kimanin littattafai 2,500 da aka buga wa yara a shekarar, ta tarar 18 kacal baƙaƙen fata suka rubuta ko suka zana. A 1990 Farfesa Rudine Sims Bishop ta ce littafi kan zama wa yaro madubi da zai ga kansa, ko taga da zai leƙa rayuwar wasu. Yarinya mai hijabi a Minnesota, 'yar gudun hijira daga Somaliya, tana buƙatar ta ga irinta a shafi ba a matsayin abin tausayi ba. Ɗan ajinsu da bai taɓa shiga gidan Musulmi ba shi ma yana buƙatar wannan littafin, wataƙila ma ya fi ta.

Ta fannin zama ɗan ƙasa kuwa, an fi kawo tarihin yaran da suka tsaya kan gaskiya. Ruby Bridges tana shekara 6 a 1960 jami'an tsaron tarayya suka raka ta makarantar fararen fata a New Orleans. Claudette Colvin tana shekara 15 a 1955 ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata wuri a birnin Montgomery, watanni tara kafin Rosa Parks, wadda ta shahara da yin irin haka.

Jerin ba ya rasa rigima. Iyaye kan ce wani littafin ya yi wa ɗansu girma, ko ya saɓa wa addininsu, kuma uba na da haƙƙin ya san abin da ɗansa ke karantawa. Sai dai ƙorafin mutum ɗaya kan sa a janye littafi daga hannun ɗaruruwan yara. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga fiye da sau 10,000 da aka hana littafi a makarantun gwamnati a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kuma da yawansu labaran baƙaƙen fata ne da sauran tsiraru. Mafita mafi adalci ita ce jeri mai faɗi, iyali su zaɓa daga ciki.

Zaɓin nan yana da tasiri ko a karatun kansa. Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun gwada a Florida: yaran firamare 'ya'yan talakawa suka zaɓi littattafai 12 da kansu, kyauta, kowace shekara har shekara uku. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna karatun yaran ya ƙaru kwatankwacin na waɗanda aka kai darasin hutu, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na darasin ba ko kusa.