Ƙarshen Zamanin Jirgin Ƙasa Mai Tururi a Birtaniya

Birtaniya, ƙasar da aka fara ƙera jirgin ƙasa mai aiki da tururi, ta daina amfani da shi a manyan layukan dogonta a shekarar 1968. Shawarar ta samo asali ne daga shirin sabunta reluwe na 1955, wanda hukumar British Railways ta kafa a kan maye gurbin tururi da dizal da lantarki, shekara bakwai bayan gwamnati ta karɓe kamfanonin jiragen a 1948.

Ba tsufa ne ya kashe waɗannan injuna ba. Tsakanin 1951 da 1960 hukumar ta ƙera sababbin kawunan jirgi masu tururi 999 a kan tsarin da ita kanta ta zana, na ƙarshensu shi ne Evening Star mai lamba 92220, wanda ya fito daga masana'antar Swindon a watan Maris na 1960, aka ajiye shi a 1965. Inji ne da aka yi domin ya shekara gommai yana jan kaya, sai ga shi ya yi aikin shekara biyar kacal.

Babbar matsalar ita ce ɗawainiya. Kafin kan jirgi ya motsa, sai an hura wuta sa'o'i da dama har ruwan tukunya ya tafasa, kuma a hanya dole a sami mai zuba kwal da shebur a gefen direba. In an dawo, a kwashe toka, a share bututu, lokaci-lokaci a wanke tukunyar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ayyuka masu tsafta sun yawaita, matasa suka guji wannan aikin baƙin hayaƙi. Ga shi ƙarfin da inji ke samu daga kwal bai kai kashi 10 cikin 100 na zafin da aka ƙona ba, alhali dizal da an tayar da shi sai tafiya. Rufe layuka masu yawa bayan rahoton shugaban hukumar, Richard Beeching, na 1963 ya ƙara rage buƙatar injunan.

Yankin yamma na reluwen ya gama da tururi a ƙarshen 1965, na kudu a watan Yuli na 1967, ragowar suka tattaru a arewa maso yammacin Ingila, a Carnforth da Lostock Hall da Rose Grove. Ranar 11 ga Agusta, 1968, jirgin fasinja na bankwana ya tashi daga Liverpool ya bi ta Manchester zuwa Carlisle ya komo. Kuɗin tikiti fam 15 da sule 15 ne, wato gini 15, tsadar da ta sa aka sa wa jirgin suna Fifteen Guinea Special. Washegari haramcin amfani da jirgin tururi a layukan hukumar ya fara aiki, ban da ƙaramin layin Vale of Rheidol na Wales, kuma ba a sassauta shi ba sai 1971.

Yawancin injunan an yanyanka su an sayar da ƙarfen. A garin Barry kuwa, Dai Woodham, mai sana'ar tsofaffin ƙarafa, ya ga yankan taragu ya fi sauƙi, sai ya jinkirta taɓa kawunan jirgi. Cikin 297 da ya saya, masu sha'awar adana tarihi sun fanshi 213, kuma da dama daga cikinsu suna jan 'yan yawon buɗe ido a yau.