Waiwaye: Yadda kamfanin Roche ya shafe shekara 19 yana sayen Genentech

Ranar 12 ga Maris, 2009, kamfanin haɗa magunguna na Roche da ke birnin Basel a ƙasar Suwizalan ya amince ya biya dala biliyan 46.8 don mallakar abin da ya rage na kamfanin Genentech na Amurka. Wanda ya ji labarin a ranar zai ɗauka babban kifi ne ya haɗiye ƙarami a loma ɗaya. Gaskiyar ita ce tun 1990 aka fara wannan ciniki, kashi 44 cikin ɗari ne kawai ya rage a hannun wasu, kuma a lokacin da aka kammala, "ƙaramin" ne ke samar da magungunan da suka fi kawo wa babban kuɗi.

Tushen maganar wani bincike ne na 1973. Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da Stanley Cohen na Jami'ar Stanford sun nuna cewa ana iya yanko guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado a cikin ƙwayoyin halitta, daga wata halitta a dasa shi a cikin ƙwayar bakteriya, ita kuma ta ci gaba da hayayyafa tana bin umarnin da aka dasa mata. Wato ana iya mai da bakteriya ma'aikaciyar masana'anta. A farkon 1976 wani matashi ɗan shekara 28 mai suna Robert Swanson, wanda ya yi aiki a kamfanin zuba jari na Kleiner Perkins, ya nemi ganin Boyer. Malamin ya ba shi minti goma. Sai da suka yi awa uku suna magana. Kowannensu ya zuba dala 500, kuma ranar 7 ga Afrilu na shekarar aka yi wa Genentech rajista.

Da farko ko ɗakin gwaji ba su da shi, kwangilar bincike suke bai wa masana a jami'a da cibiyar City of Hope. A 1977 suka sa bakteriya ta samar da sinadarin somatostatin, a 1978 kuma suka yi abin da ya fito da sunansu, wato insulin irin na jikin ɗan Adam. Kafin nan, insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura daga kayan cikin aladu da shanu ake tatso shi, ana bin mahauta ana tara su. Insulin ɗin da ke cikin firjin kemis a Kano ko Damagaram yau, da wannan dabara ta dasa DNA ake yin sa. To amma Genentech ba shi da masana'anta, ba shi da masu kai kaya asibitoci. Dole ya ba kamfanin Eli Lilly lasisi, shi ne ya fito da maganin a 1982 da sunan Humulin. Mai gona daban, mai kai amfani kasuwa daban, kuma wannan raunin ne ya bi kamfanin har ya kai shi hannun Roche.

Ranar 14 ga Oktoba, 1980, aka fara sayar da hannun jarinsa a kasuwa kan dala 35. Kafin awa ɗaya ta cika ya haura dala 80, alhali babu ko magani ɗaya na kamfanin a kan kanta. Fata kawai mutane suka saya.

Maganin farko da suka sayar da kansu shi ne Protropin a 1985, na yaran da jikinsu ba ya samar da sinadarin girma. Daga nan suka ɗora duk burinsu a kan Activase, mai narkar da gudan jinin da ke toshe jijiyar zuciya, wanda aka amince da shi a 1987. Allura ɗaya ta kai kusan dala 2,200. Matsalar ita ce akwai tsohon magani mai suna streptokinase da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, kuma wani babban gwaji da aka yi a Italiya bai nuna sabon ya fi ceton rai ba. Ciniki ya gaza abin da aka yi tsammani, hannun jari ya faɗi, ga kuɗin bincike kullum ƙaruwa yake. A 1990 Roche, wanda ya tara dukiya da magunguna irin su Valium amma ya ga inda iska ta dosa, ya biya dala biliyan 2.1 ya karɓi kashi 60 cikin ɗari.

A ganina, wayon Roche yana cikin abin da bai yi ba. Bai turo mutanensa daga Basel su zauna a kan masu bincike ba, bai canza suna ba, bai hana shagalin yammacin Juma'a da ma'aikata suka saba yi ba. Ya bar ragowar hannun jarin a kasuwa, domin da shi ake riƙe ƙwararru: masanin da ke da rabo a kamfani ba ya saurin tattara komatsansa. Abin da Roche ya ƙulla wa kansa shi ne damar sayar da magungunan Genentech a wajen Amurka. Ko a 1999, da ya yi amfani da yarjejeniya ya saye ragowar hannun jarin gaba ɗaya, cikin makonni kaɗan ya sake mayar da wani kaso kasuwa, inda harrufan DNA suka zama alamar kamfanin a kasuwar hannun jari. A ƙarshen shekarar ne Swanson ya rasu sakamakon cutar dajin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 52.

An samu tangarɗa a tsakani. A 1995 shugaban Genentech, Kirk Raab, ya rasa kujerarsa bayan an gano ya nemi Roche ya tsaya masa a kan bashin dala miliyan 2 na ƙashin kansa, a daidai lokacin da yake tattauna yarjejeniya da su a madadin masu hannun jari. Wanda ya gaje shi, Arthur Levinson, masanin kimiyya ne da ya taso daga ɗakin gwaji, kuma shi ya karkata akalar kamfanin zuwa cutar daji. Rituxan ya fito a 1997, Herceptin a 1998, Avastin a 2004. Herceptin ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan ɗaya cikin biyar na masu sankarar mama, ƙwayoyin cutarsu na ɗauke da wani furotin mai suna HER2 fiye da kima, kuma irin wannan sankara ta fi saurin yaɗuwa. Maganin yana zuwa ne ya manne wa wannan furotin. Saboda haka sai an gwada tsokar da aka ciro an tabbatar akwai shi kafin a ba mace maganin, kuma Roche babban mai ƙera kayan gwaje-gwajen asibiti ne. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

To me ya sa a Yulin 2008 Roche ya ce yanzu duka yake so? Damar da yake da ita a kan sababbin magungunan Genentech za ta ƙare a 2015, kuma riba mai yawa na tafiya aljihun sauran masu hannun jari. Ya taya dala 89 kan kowane hannun jari. Kwamitin daraktocin Genentech ya ce albarka, yana ganin kayansa sun kai dala 112. Ana cikin haka bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba, kasuwanni suka rikice. Maimakon ya ƙara, a Janairun 2009 Roche ya rage tayinsa zuwa dala 86.50, ya tsallake daraktocin ya je wa masu hannun jari kai tsaye. Da ya ga ba su saki ba ya ɗaga zuwa 93, aka daidaita a kan 95. Bashi mai yawa ya ci ta hanyar sayar da takardun lamuni kafin ya biya. 

Bayan an gama, abin mamaki ya faru: mai saye ne ya yi ƙaura zuwa gidan wanda aka saya. Roche ya ɗauke hedikwatarsa ta harkar magunguna a Amurka daga garin Nutley na jihar New Jersey ya mayar da ita South San Francisco inda Genentech yake, magungunansa a Amurka suka koma amsa sunan Genentech, sashen binciken farko kuma aka bar shi da shugabancinsa daban. Daga baya ma aka rufe Nutley ɗin. Levinson ya sauka daga shugabanci, a 2011 ya zama shugaban daraktocin Apple.

Abin da cinikin bai taɓa ba shi ne tsadar magani. Lucentis, na cutar ido da ke makantar da tsofaffi, a lokacin ana sayar da allurarsa kusan dala 2,000, alhali likitocin ido sun gano ƙaramar allurar Avastin ta kimanin dala 50 tana yin aiki iri ɗaya, kuma gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa ya tabbatar da haka a 2011. Duka biyun na gida ɗaya ne. Herceptin kuwa ya daɗe yana fin ƙarfin yawancin matan Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci a 2015, kuma sai a Disambar 2019, shekara 21 bayan fitowarsa, ta tantance kwatankwacinsa na farko mai rahusa, wanda kamfanin Samsung Bioepis na Koriya ta Kudu ya haɗa.