Wai talauci hukuncin zunubi ne?

An daɗe ana wannan maganar a coci-cocinmu na Sabon Gari, wai duk wanda ka gani a talauce to akwai abin da ya shuka, ko bangaskiyarsa ce ta yi rauni ko baya fidda zakka. Haba jama'a, a wace aya kuka gani?

Ku buɗe Yahaya sura 9, almajirai ma haka suka ɗauka da suka ga wanda aka haifa makaho, suka ce laifin wa, nasa ko na iyayensa, Yesu yace ba ko ɗaya. A Luka 16 kuwa Li'azaru da ke yashe a ƙofar attajiri karnuka na lasar miyakunsa, shi mala'iku suka kai wurin Ibrahim, ba mai gidan ba.

Amma mu fa ran Lahadi mai shadda da makullin mota sai kujerar gaba, baiwar Allah mai tuyar ƙosai da zaninta ya koɗe a nuna mata bencin baya, har a bita da harara lokacin baiko. Wannan ɗin sak Yakubu sura 2 ta kira zunubi, kuma 'yan ikilisiya aka rubutawa.