Waiwaye: Masu gabatar da ƙara da asusun tsufa na tarayyar Amurka

Duk wanda ya duba takardar albashin lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara a jihar Ohio ba zai ga kashi 6.2 cikin ɗari da ake yankar wa yawancin ma'aikatan Amurka don asusun tsufa na tarayya, wato Social Security, ba. Kashi 10 zai gani, yana tafiya asusun fansho na jiha. Takwaransa na Massachusetts ma ba ya cikin asusun tarayyar.

Maganar ta samo asali ne tun 1935, lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun. An bar ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi a waje, don ana shakkar ko tsarin mulki ya bai wa tarayya ikon ɗora wa jiha haraji. A 1950 aka buɗe ƙofa da Sashe na 218 na dokar: jihar da ta ga dama ta ƙulla yarjejeniya, ta shigar da ma'aikatanta marasa fansho. Masu fanshon jiha sai 1954 aka ba su dama, shi ma sai an kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu. Daga 1983 aka hana fita ga wanda ya riga ya shiga. A Yulin 1991 shiga ta zama dole ga wanda ba shi da fanshon kirki, amma masu asusun jiha aka ƙyale su yadda suke.

A nan gizo ke saƙar. Ga lauyoyi da yawa wannan aiki zango ne: mutum ya yi 'yan shekaru yana gurfanar da masu laifi, sannan ya koma ofishin lauyoyi masu zaman kansu, inda ake yankar masa kuɗin tarayya. Dokar 1983 ta ce mai karɓar fanshon aikin da bai biya wa tarayya ba, a rage masa rabonsa na asusun tarayya; a lokacin, kashi 90 cikin ɗari da ake lissafa masa a kan kason farko na matsakaicin albashinsa kan iya sauka har 40. Wata ƙa'idar da ta faro a 1977 kuma ta riƙa zaftare haƙƙin da mutum ke samu ta hanyar miji ko mata, har wasu zawarawa su tashi a tutar babu. A ganina an hukunta mutane ne kan zaɓin da jiha ta yi tun ba a haife su ba.

Ranar 5 ga Janairun 2025 Shugaba Joe Biden ya sa hannu aka soke ƙa'idojin biyu. Sai dai sokewar ba ta shigar da kowa asusun ba. Shekarun da lauya ya yi a kotunan Ohio ko Massachusetts har yanzu ba sa cikin maki 40, kimanin aikin shekara goma, da tarayya ke nema. A Massachusetts kuwa fanshon jihar ma sai an cika shekara goma. Wanda ya ajiye aiki a ta bakwai, kuɗin da aka tara masa kawai zai iya karɓa.