Koyar da Magana da Turanci ta Hanyar Bidiyo da Darussan STEAM: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne STEAM, kuma me ya haɗa shi da darasin Turanci?

STEAM taƙaitaccen suna ne na fannoni biyar: kimiyya, fasaha, injiniyanci, zane da ƙirƙira, da kuma lissafi. Amfaninsa ga malamin harshe shi ne yana ba ɗalibi abin faɗa. Yaron da aka ce ya tashi ya yi bayani a kan muhimmancin ilimi yakan yi tsuru-tsuru, amma wanda ya tace jan ruwan kogin Kaduna na damina da hannunsa, ta hanyar jera tsakuwa da yashi da gawayi a cikin gorar roba, zai so ya ba da labarin abin da ya gani, ko da Turancinsa na da gargada.

Ashe ba a riga ana koyar da furuci a makarantu ba?

Ana koyarwa, sai dai galibi a kan takarda. Ɓangaren furuci na jarrabawar Turanci ta WAEC a Najeriya zaɓi-ka-cike ne, saboda haka ɗalibi yana iya cin sa ba tare da ya buɗe baki ba.

To, wace rawa bidiyo da sauti suke takawa?

A nan ne Bahaushe ya fi cin riba. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" suke zama abu ɗaya a bakin ɗalibi. Haka kuma ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, dalilin da ya sa "bread" ya koma burodi ke nan. Bayanin allo ba ya magance wannan, amma idan yaro ya ga yadda leɓɓa suke haɗuwa a bidiyo, aka tsayar, aka maimaita, sannan ya naɗi muryarsa a waya ya saurara, zai kama kuskurensa da kunnensa. Binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya nuna cewa mutane sun fi fahimtar kalmomi idan suna tare da hotuna, muddin ba a cika allon da kwalliyar da ba ta da alaƙa da darasin ba. A ganina, bidiyon minti 3 da aka tattauna ya fi na minti 30 da aka kalla shiru, domin kallo kaɗai bai taɓa buɗe bakin kowa ba.

Dole ne malamin Turanci ya zama masanin kimiyya?

Ba dole ba ne. Ya isa ya nemi shawarar abokin aikinsa mai koyar da kimiyya.

Yaya za a yi a makarantar da babu wuta, babu majigi, ga aji cike maƙil?

Waya ɗaya da ƙaramar lasifika mai caji sun wadatar, in dai malami ya sauke bidiyon tun daga gida. Yana ma iya ɗaukar nasa, misali ya je kasuwar Panteka, da izinin masu sana'a, ya ɗauki yadda ake narka ƙarfen goran ruwa a zuba tukunya. A aji sai ya kashe sautin, ya raba yara rukuni-rukuni, su fara shirya tunaninsu da Hausa idan suna so, sannan kowane rukuni ya bayyana matakan aikin da Turanci, gyaran kurakurai kuma ya jira har sai mai magana ya kai aya.