Buga totur kafin tayar da mota ba ya ƙara mata mai

Da asuba a Agege ko Mile 12 a Legas za ka ga direba ya tattaka totur sau uku kafin ya murɗa makulli, wai don mai ya hau. Wannan gadon zamanin Fijo 504 ne. Kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska a irin waɗannan tsofaffin motoci, tana da ɗan famfo da ke tsarta fetur duk lokacin da aka taka, don haka a wancan lokacin dabarar tana aiki.

Motar injekta, wato mai ƙananan bututun da ke fesa wa inji fetur a maimakon kafireta, ba haka take ba. Totur iska kawai yake buɗe wa hanya. Kwamfutar inji, wadda kanikawan kasuwar kayan mota ta Ladipo ke kira birenbos, ita ke duba zafin inji, yawan iskar da ta shiga da juyin karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, sannan ta buɗe injekta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Inji bai juya ba, ko ɗigo ba za ta saki ba.

Abin ma da ya fi, a motoci da yawa idan ka danne totur har ƙasa kana tayarwa, kwamfutar yanke man take yi, don ta ɗauka filogi ya jiƙe da mai. In mota na wahalar tashi, a duba batir, famfon mai da filogi.